Sunan da Furera Ba Ta Faɗa

Furera maƙwabciyata ce a Ƙofar Sauri. Daga wani ƙauye suka taso ita da mijinta Almu, ɗan acaɓa, shekarar da 'yan bindiga suka hana noma. Awara take soyawa a ƙofar gida. Ɗanta ɗaya, Nu'uman, shekararsa biyu, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ɗan fari ne. "Yaron can," take cewa, tana kallon bango. A ƙauye kakarsa ke ɗawainiya da shi, nan kuwa babu kaka.

Wata Talata da hantsi ta leƙo ɗakina. "Iya Mairo, yaron can jikinshi da ɗan ɗumi."

Ɗan ɗumi! Na taɓa goshinsa, na ji kamar garwashi. Ashe kwana uku ke nan, kunya ta hana ta nuna damuwa. Ni da zazzaɓi ya ɗauke mini 'ya'ya biyu, na san wannan zafin.

A ƙaramin asibitin unguwa mutum ɗaya ake bari ya shiga da yaro, sai na tsaya bakin taga. Malama Rashida, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki biro.

"Ke ce uwarshi?"

Furera ta sunkuyar da kai. "Ɗan gidanmu ne."

"Sunanshi?"

Furera ta kalli bango.

"To maza je ki kira uwarshi, ita ta san abin da aka ba shi."

Na buɗe baki zan yi magana, sai yaron ya sanƙare. Idanu suka juye, haƙora suka datse. Salati ya ƙwace mini. Rashida ta kwantar da shi a gefensa, ta yi masa allura. Jijjigar ta tsaya, amma ya yi lakwas, ko yatsa ba ya motsawa. Wallahi na ɗauka an gama.

"A kira sunanshi!" in ji Rashida. "Wa ya sani?"

"Nu'umanu!" Furera ce ta ƙwala kira, har 'yan layin waje sai da suka miƙe. "Nu'umanu, ni ce! Ni na haihe ka!"

Can ya buɗe ido da ƙyar. Bai dube ta ba. Ƙofa ya waiga, yana neman mai kiransa, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

Furera ta riƙo fuskarsa da hannu biyu, ta sake kira.