Iya ba ta kama sunan ɗan fari

Shekarar da ruwa ya ci mana katanga a ƙauyenmu na ƙasar Roni, wasu masu bincike suka zo daga jami'a. Wai suna son su ji ko masu rabon tallafi suna tunawa da naƙasassu. Da yake maigidana gurgu ne, shan inna ya same shi tun yana rarrafe, sai aka nuno musu gidanmu.

Mata biyu ne, kowace da gorar ruwanta a hannu kamar mu ba mu da randa. Na shimfiɗa tabarma, na dama fura, ba wadda ta taɓa. Maigidan na zaure yana ɗinki da kekensa na hannu, suka wuce shi da sannu ɗaya, suka zauna gaban surukata.

Ƙaramar ta ce, "Iya, yaya sunan ɗan naki?"

Iya ta sunkuyar da kai tana tsince wake.

"Iya, kina alfahari da shi?"

Iya ta ce, "Wancan? Ku tambayi matarsa."

To, jama'a, ɗan fari ne! Iya jinin Fulani ce, ko da sanda ba za ta kama sunansa ba, balle ta yabe shi gaban baƙi. Na ce, "Malama, kunya ce fa." Babbar ta kalli ƙaramar, suka gyaɗa kai a tare, suka ce, "Kin ji ko, kunyarsa take ji." Kuma wai Bahaushiya ce ta haife su. Ban san a wane gari aka yaye su ba.

Bayan kaka suka dawo, aka tara mu a firamare su gaya mana abin da suka gano. Babbar ta miƙe da lasifika ta ce ba za su faɗi sunan kowa ba, sirri ne. Sai ta ce akwai wata uwa a garin nan, ɗanta tela ne gurgu, ko sunansa ba ta iya faɗa saboda ƙyama. Sirri! Tela gurgu nawa ne a garin? Duk mata suka waiga suna kallon Iya.

Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, matar nan ta goya shi har ya yi gemu. Ni ma da nake aurensa ba na kama sunansa, ƙyamarsa nake yi na haifa masa 'ya'ya?" Aka yi dariya. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce ta gode, irin wannan al'adar ce ke ɓoye wariya. Aka raba lemo, suka shiga mota.

Kowa a garin ya san gaskiya, amma bakin mata ba ya barin abin tsokana. A gidan suna sai wata ta ce, "Iya, yaya sunan telan nan ma?" Iya ba ta iya wasa ba. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki.

Da, kullum bayan la'asar takan zauna a bakin zaure ta ba ɗan nata baya, tana jin ƙarar keken, ba mai ce wa wani komai. Yanzu ta daina, ta ce in ta zauna za a ce don a gani take yi. Maigidan bai taɓa yi mini maganar ba. Sai dai in la'asar ta yi yakan tsayar da keken, ya ce in leƙa ɗaki in ga ko Iya lafiya.