Buhu Biyu na Oktoba

Darlene ba ta san sunansa ba, ta dai san duk Oktoba sai ya shigo shagonta na kayan dafa giya a garin Wausau. Dogon dattijo ne, hannayensa irin na manoma, yana riƙe da muciyar tuƙa giyar da yake yi wa tsaga ɗaya kowace shekara. Yana tauna ƙwayar tsiron sha'ir, ido a rufe.

"Buhu biyu," in ji shi.

"Baba, ina ƙanen naka mai cewa giyarka ruwan wanki ce?"

"Mun binne shi a Yuni."

"Allah sarki. To, ko ɗaya zai isa?"

"Biyu dai. 'Ya'yansa na zuwa ran Asabar. Bakinsa kam sun gada, saura mu ga hannun wajen dafa giya."