Teburin da Ya Yi Salla a Gindin Mangwaro

Ban san wanda ya zana gidajen ƙananan ma'aikata da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, a kudancin kogin Kaduna ba, amma ina da tabbacin abu guda game da shi: ba shi da suruka. Da yana da ita, da bai gina wa magidanci ɗaki da falo masu ƙofa ɗaya ba, babu zaure, babu ko ɗan lungun da mutum zai raɓe idan kunya ta taso. Madafa da makewayi suna baya, mu da maƙwabta muka haɗa. A nan na zauna shekarun da nake akawu mai kula da takardu, kafin ƙasar nan ta sami mulkin kai, kuma a nan na karɓi baƙin ƙaramar salla karo na farko bayan aurena.

A shekarar ban sami hutu ba, saboda haka maimakon mu tafi Zariya, sai aka aiko cewa surukata za ta zo, kuma baffana, ƙanin mahaifina wanda ya nema mini auren, shi zai rako ta. Zuwan ba na yawon salla kawai ba ne. Tun farko ba ta so a kai 'yarta bariki ba, domin an ba ta labari cewa a Kaduna miji da mata kan zauna su ci abinci suna kallon juna. Ta ce za ta gani da idonta. Idan ta tarar kunya ta ƙare a gidan, za ta koma da yarinyar ganin gida, irin ganin gidan da ba a sa masa ranar dawowa.

Maiɗakina ta fayyace mini yadda hukuncin zai fito. Ta ce, "Malam, Inna ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. In ta ci tuwonmu, ta yarda da gidan. In aka fito da kwano a rufe yadda aka shigar da shi, to sai in fara ɗaure kayana."

Na ɗauki maganar da muhimmancin da ya dace da ita, na ƙudura in nuna wa mutanen gida cewa zaman bariki zaman tsari ne. Na sa wani kafinta a Tudun Wada ya yi mini teburin cin abinci da kujerunsa. Da yake faifan teburin da faɗi, a karkace aka shigar da shi, sannan kafinta ya kafa masa ƙafafu a cikin falo. Da aka gama, falon ya zama tebur gaba ɗaya, sai ɗan siririn layi a jikin bango. Tsarina kuwa ba shi da aibu: maza a tebur, mata a uwar ɗaki, labule a tsakani.

Ana jajibiri maiɗakina ta tsaya da ludayi a hannu tana duban layin nan.

"Malam, Inna ta ina za ta wuce?"

"Ta inda kike wucewa."

"Ni ai sai na haɗiye cikina nake wucewa. Inna ba ta saba ba."

Na bayyana mata cewa a gidajen masu ilimi haka ake yi. Ta ce to, ta koma wajen ƙullun wainarta.

Jirginsu ya iso da safiyar salla. Bayan mun sauko daga idi na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe da surukata, idona a ƙasa, ta amsa idonta a wani gefen, sannan ta bi jikin bango a karkace ta shige uwar ɗaki, ba ta ko kalli teburin ba. Baffa ne ya zagaya shi iyakar inda zai zagayu, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa.

"Ɗana, ashe ka fara fawa ba ka faɗa mana ba? Ina naman?"

Aka shigar wa surukata tuwon shinkafa da miyar taushe, aka ajiye mana namu a tangaran. Baffa ya hau kujera ya naɗe ƙafafunsa a kanta. Ban kai loma ta biyu ba maiɗakina ta leƙo daga labule, ta sunkuyo kusa da ni, ta rage murya.

"Ba ta ɗaga faifan kwanon ba. Ta ce ta ƙoshi."

"Wa ya ƙoshi ran salla bayan tafiyar jirgi?"

"Tana jin ƙarar cokalinka, Malam. Ta san in tana jin ka, kai ma za ka ji ta. Labule ne fa, ba bango ba."

Na yi niyyar in kawo hujja, domin ban ga dokar da ta ce mai gida ya bar gidansa ranar salla da baƙi a ciki ba. Baffa bai bari na fara ba. Ya sauke ƙafafunsa, ya ɗauki kwanonsa, ya ce, "Tashi, ɗan boko. Tsohuwar nan ba za ta tauna komai ba kana numfashi a nan. Kuma ka fita da teburin fawarka, a shimfiɗa mata tabarma a falo ta miƙe ƙafa, kada zafin ɗakin can ya dafa ta."

A nan ne laifin mai zanen gidan ya fito fili, domin teburin da ya shiga babu ƙafafu ya ƙi fita da su. Muka juya shi ta kowace fuska, saura kaɗan ya wuce sai ƙyauren ya tare shi. Maƙwabcina, wani Ibo makaniken injin jirgi, ya jiyo gwaramar ya fito da sukudireba, yana dariya tun daga ƙofarsa.

"Malam Akawu, barka da salla! Kowa yana yanka kaza, kai kana kokawa da katako?"

Muka kwance ƙyauren muka jingine shi a bango, muka ciccibo teburin zuwa gindin mangwaron da ke tsakiyar kwatas. Gidan da na yi kukan yana da ƙofa ɗaya ya koma ba shi da ko ɗaya. Baffa ya shimfiɗa buzunsa a inuwa ya ci gaba da tuwonsa da hannu, cikin jin daɗin da bai nuna a kan kujera ba. Ni kuwa na zauna a tebur, da babbar rigata ta salla, domin wani ya kamata ya zauna a kansa. Maƙwabcin ya jawo kujera ya zauna daura da ni, ya ce in an fara shari'ar shi ne mai gabatar da ƙara. Shi kaɗai ne baƙon da ya ci abinci a teburin nan, kuma ya cinye rabon waina na mutum biyu.

Ina ci ina satar kallon bakin ƙofar da aka rataya wa zane. Can wajen la'asar maiɗakina ta fito za ta madafa, ta biyo ta gabana ba tare da dalili ba, ta karkato kwanon yadda zan gani. Babu komai a ciki sai sawun yatsu.

Daga baya ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Da surukata ta ji ana kwance ƙyaure ta tambayi ko lafiya, 'yarta ta ce Malam ne yake fita da kayansa don ya bar mata gidan. Tsohuwar ta jawo kwanon, ta ce yaron da zai cire ƙyauren gidansa don ta ci tuwo, bariki ba ta cinye shi ba tukuna. Ta ƙara da cewa miyar tana son daddawa. Da za su koma, ita da baffa kaɗai muka raka tasha.

Domin gaskiyar tarihi, ina so a sani cewa saboda tebur aka cire ƙyauren. Na so a isar mata da wannan gyara, maiɗakina ta ce in bari sai wata sallar. Ƙyauren ya koma wurinsa a ranar. Teburin bai koma ba, don an sanar da ni cewa ba za a sake kwance ƙofa saboda shi ba, har matan kwatas suka mayar da shi wurin shanya barkono, ba tare da ko ɗaya ta nemi izinina ba.