Rijiyar da Anti Khairiyya Ta Ce a Rufe

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Khairiyya Bature, ƙanwar mahaifiyata, bayan gajeriyar jinya a Kano.

Anti, shekarunki na bincike a jami'a sun tafi ne kan abu ɗaya: ƙera wani sinadari mai siffar zobe, wanda ido ba ya gani, ba ya kama komai sai dalma. Kin shafa shi a 'yar takarda. In aka tsoma ta a ruwa mai gubar dalma, sai ta koma ja. Ranar da kika nuna mini, kin ce, "Sumayya, zoben nan ya fi ki kunya. Da mutum ɗaya kawai yake magana." Ke kika sa na daina tsoron kemistiri.

An yi miki tayin aiki a ƙasar waje, kika ƙi. Kika dawo ƙauyenmu da ke gefen Riruwai, kina bin rijiyoyin da ke kusa da tsofaffin ramukan kuza. A rijiyar Malam Dikko takardar ta yi ja jawur, kika ce a rufe rijiyar.

Mu a nan da ido muke auna ruwa. In ya yi garau, shi ke nan; in ya yi laka, a jefa alif. Wannan rijiya kuwa ta fi kowace haske. Malam Dikko ya ce miki, "'Yata, ruwan da kakanki ya sha ya kai tsufa? Boko dai ya yi miki yawa." Aka yi dariya. Marfin da kika sa wa rijiyar, aka cire. Yara suna nan suna sha.

Ranar sadakar uku na ji manya suna cewa an yi rashin mai ilimi. Kunun da aka raba musu, da ruwan rijiyar nan aka dama shi, wai don ya fi tsabta. Na tsoma takardarki a randar ruwan, ta koma ja, na kai ta gaban Baba Habu mai unguwa. Ya ce, "Yarinya, yau ba ranar wannan ba ce."

To yaushe ce ranar? Ba na iya ɗaga murya gaban manya, shi ya sa na rubuta.

Allah Ya jiƙanki, Anti, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Allah Ya ba mahaifiyata Inna Hasiya da sauran dangi haƙuri. Duk wanda ke son yi miki sadaka, ya zo mu rufe rijiyar nan.

Sumayya Umaru