Ɗakin Gora na Ikilima

A Jajaye in ka ce Lukumanu kafinta, sai a ce maka, mai gora? Jikan ƙawata ne, a gabana aka yanke masa cibi, shi ya sa har gobe nake ce masa maigidana, ko da yake ban taɓa ganin cefanensa ba.

Tun yana ƙarami ba shi da aiki sai tsugunno a gaban suri. 'Yan'uwansa na can suna ƙwallo, shi yana nan yana tara tafin hannu a ramukan gara, wai yana jin iska na fita. Har rubutu aka ba shi ya sha. Ashe kallon gini yake yi.

Da ya girma ya tafi Kano koyon kafinta, ya dawo da abin da ba mu aike shi ba. Gorar da muka sani sandar kiwo ce, ita ya mayar katako. Yakan saro ta da rani a bakin rafi, ya tsaga, ya jiƙa a ruwan magani saboda ƙwaro, ya shanya a inuwa. Sannan ya goge, ya jera tsagi kan tsagi da gam, ya matse da jak ɗin mota. Giginyar da ake yin azara da ita an gama sare ta. Gora kuwa ka sare bana, baɗi ta sake tsirowa.

Matarsa Ikilima tana da asma. Da zarar bazara ta kama, ɗakin kwano ya ɗau zafi, sai ka ji ƙirjinta yana kuka kamar 'yar kyanwa. Bara an sha kai ta asibiti. Sai Lukumanu ya ce kafin wani zafin zai yi mata ɗaki irin na gara: bangon ƙasa, rufin gora mai doro, ƙananan kafofi ta ƙasa, wata kafa a can ƙoli da 'yar hula a kanta, zafi ya fita, ruwa kada ya shiga.

Ranar yaɓe aka kira gayya. A ranar kuma aka yi rasuwa a dangin uwarsa a Kwanyawa, dole ya tafi. Hammawa, baffan Ikilima wanda ya riƙe ta tun tana marainiya, shi ya ja aikin. Ya ɗaga kai ya ga kafa a ƙoli, ya ce yaro ya manta. A nan ba a barin rami a ɗaki, maciji da kunama ba sa sallama. Ya hau tsani da gwiwarsa mai ciwo ya toshe, na ƙasan ma aka bi su da laka. Sun yi aikin da kyau kuwa, har da shafe.

Lukumanu ya dawo ya gani, ya bi gida gida yana godiya. Bazara ta shigo, ɗaki ya koma tanda.

Na same shi a rumfarsa yana goge gorar da ta riga ta gogu. Na ce, "Maigidana, hannunka ne ya karye? Ka je ka fasa."

Ya ce, "Iya, aikin gayya ne. Baffa da kansa ya hau. In na fasa, na ce masa bai iya ba a gaban gari."

"To ita fa? Da kunyarka za ta yi numfashi?"

Ya ci gaba da goge gorarsa.

Ikilima ce ta aika wa baffanta ya zo ya ci abinci a sabon ɗaki, ya sa masa albarka. Ya zo bayan azahar, ni ma na je, don ba a yin irin wannan babu ni. Ta ajiye masa tuwo ta koma gefe ta zauna. Gumi ya jiƙa masa hula, bai kula ba. Amma da ɗakin ya yi shiru, sai kukan ƙirjin nan ya cika shi. Hammawa ya san kukan, shi ya goya ta da shi. Ya riƙe loma ya kasa kaiwa baki. Ya dubi ƙoli ya daɗe.

Ya ce, "Lukumanu, ƙasar da muka yaɓa a can ba ta kwaɓu ba. Tsagewa za ta yi."

Lukumanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baffa."

Da safe Hammawa ya zo da tsaninsa. Shi ya buɗe ta sama, Lukumanu ya buɗe na ƙasa ya sa musu raga saboda maciji.

Bana Ikilima ba ta rabu da maganinta ba, amma ba a kai ta asibiti ba. Hammawa kuma can yake ƙailula yanzu. Duk baƙon da ya zo kallon ɗakin, sai ya nuna masa ƙoli da sanda ya ce shi ya buɗe kafar nan da hannunsa. Ni dai ina wurin, bai yi ƙarya ba.