Yadda Kabdesh Ya Zaɓi Injin Kwashe Ƙanƙara

A layinmu, can ƙarshen garin Ridder inda duwatsu suka fara, babu wanda bai san Kabdesh ba. Dogo ne siriri mai farin gashin baki, kullum girarsa a haɗe kamar wanda ya ji ƙauri yana neman inda ya fito. Tun yana saurayi har ya yi ritaya aikinsa ɗaya ne, duba takalman sanyi a masana'anta kafin a kai su kasuwa. Ya ɗauki takalmi ya murɗa, ya shinshina, ya zura hannu ciki, in ya sami aibi ya jefa a kwandon hagu. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce kwandon hagun ne kullum yake fara cika. Ya bar aikin, amma halin bai bar shi ba. Ko kankana zai saya, sai ya ƙwanƙwasa duk ta cikin motar, har mai kankana ya roƙe shi ya ɗauki ɗaya kyauta ya ba mutane wuri.

Matarsa Balkiya takan ce da ta tsaya jiran ya zaɓe ta, da har yau tana gidan ubanta. "Ni na zaɓe shi," in ji ta, "ban ko juya shi na duba ƙasansa ba. Ga abin da na samu."

Gidansu yana ciki sosai, daga gareji zuwa bakin titi da ɗan tafiya, ga shi dusar ƙanƙarar garinmu in ta fara zuba ba ta san ya isa ba. Shekara da shekaru da shebur Kabdesh yake share hanyar nan, gefe da gefe a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Sai wata safiya bayansa ya riƙe. Orazgali ne ya hango shi ta saman shinge, a sunkuye da shebur a hannu, ba gaba ba baya. Orazgali mijin ƙanwar Balkiya ne, shingen katako kawai ya raba gidajensu, kuma kamar duk maza biyu da suka auri 'ya da ƙanwa, baja suke kiran juna, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Baja, ruku'un ya isa haka, ka ɗago mana!"

"Zo ka kama ni, ɗan banza, bayana ne."

Likita ta ce shi da shebur har abada. Sai dai inji. Kabdesh ya ce to, zai saya, amma sai ya duba.

Ya je kanti ya wuni. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa haƙoran injuna, ya ja igiyar wannan, ya girgiza bututun wancan. Daga ƙarshe ya ce a ba shi guda ya je gida ya gwada, in ya yi masa ya dawo ya biya. Mai kanti ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Kabdesh ya fito yana faɗa, wai ko takalmi sai an sa ƙafa ake sanin inda yake matsi.

Da dusar ta sake zuba, sai ga shi a ƙofata.

"Sailau, ƙanena, an ce kana da inji."

"Ina da shi, agha," na ce, don haka muke kiran wanda ya girme mu.

"Ina so in ga aikinsa. Ba a hanyar gidanka ba, wannan ko akuya ta share ta da wutsiya. Kawo shi tawa."

Na tura na kai. Na matsa don ya kama, ya ce a'a, daga nesa ake jin muryar inji, wanda ya riƙe shi girgiza kawai yake ji. Ya koma gefe ya goya hannu a baya, ni kuwa na share hanyar tas daga titi har gareji. Balkiya apa, wato Yaya Balkiya a bakinmu, ta shigar da ni ta cika ni da shayi mai madara da fanke mai zafi. Sai da na ƙoshi Kabdesh ya gyara murya.

"Yana da ƙoƙari. Amma in ya haɗu da mai nauyi tari yake yi, tayarsa tana santsi, feshinsa kuma kamar tofin tsoho, a kan ƙafarsa yake sauka."

Wallahi da ɗana ya zaga da ban ji zafi haka ba. Na je na sayo sarƙa na ɗaura wa tayoyin, na canja mai, na zauna jiran sama. Tana zubowa na koma ba tare da an kira ni ba. Na tarar Matvei, tsohon ma'aikacin haƙar ma'adinai da ke kusurwar layin, ya riga ni da nasa ƙaton mai ƙafar katafila. Shi hukuncin da ya samu shi ne, ƙararsa za ta tashi na cikin kabari, kuma kafin ya juya kwana sai an gayyato dangi. Wani ya kawo mai aiki da lantarki yana jan waya a baya, Kabdesh ya ce wannan ai tunkiya ce a turke.

Haka muka ƙare sanyin shekarar. Kowa yana so a ce nasa ne ya tsallake bakin Kabdesh. Da an wayi gari da sabuwar ƙanƙara sai ka ga magidanta da furfurarsu suna rige-rigen tura injuna gida ɗaya. Babu hanyar da ta kai tasa tsafta a duk unguwar, har kana ganin simintin ƙasa.

Matata ce ta fara magana. Ta dawo daga kanti ta nutse har gwiwa a ƙofar gidanmu, ta tsaya a wurin ta kira ni.

"Sailau, zo ka gani. Mai inji ke nan. In ka gama yi wa Kabdesh bauta, ka tambaye shi ko zai ara mana shebur ɗinsa, tunda shi ba ya bukata."

Orazgali kuwa a gaban kowa ya faɗa. "Baja, ka fi mu wayo. Injuna biyar gare ka, kowanne da direbansa, ko cokalin fetur ba ka saya ba."

Mutane da yawa sun tafi a kan wayo ne. Ni ban yarda ba. Na ga ranar da ya dawo daga Oskemen a motar haya, ya zagaye kantunan birnin kaf ya dawo hannu rabbana, fuskarsa duk ta faɗa. Ya zauna a bencin ƙofata ya ce, "Sailau, in na saya ya mutu mini a tsakiyar sanyi fa? Ni da na mayar wa mutane da aikin hannunsu tsawon rayuwata, a ce ni ne na zaɓo ruɓaɓɓe?" Tsoro ne fal cikinsa, ba wani abu ba.

Da sanyi ya zagayo, matan layin suka haɗa baki. Duk wanda ya tura inji gidan Kabdesh, ya ci abincinsa a can. Babu wanda ya motsa. A makon ne kuma su Kabdesh suka yanka dokin da aka saba yankawa a nan don naman lokacin sanyi, suka gayyaci dangi cin naman farko. Balkiya apa da ƙanwarta suka wuni suna ƙulla manti, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, suka cika kwali suka ajiye a waje gefen matakala don ya daskare, kamar yadda kowa yake yi. Sai sama ta buɗe, kwana da kwanaki. Motar Kabdesh ta maƙale a gareji, hanyar ta shafe, ga baƙi suna tafe.

Balkiya apa ta ɗaura ɗankwali ta sa babbar rigarta.

"Tsoho, tashi."

"Ina za mu?"

"Inda ka saba zuwa yawon ido."

Suka keta ƙanƙara har ƙugu zuwa titi, Orazgali ya ɗauke su a motarsa, kuma daga bakinsa na ji abin da ya faru a kantin. Suna shiga Kabdesh ya durƙusa gaban wani inji ya fara leƙe. Ita kuwa ta kira mai kanti.

"Ɗana, wanne ne zan iya tayarwa da kaina ba sai na tsinke kafaɗa da jan igiya ba?" Ya nuna mata uku. "A cikinsu wanne ne in ya lalace akwai mai gyaransa a garin nan, da kayan gyaran?" Ya nuna biyu. "Wanne ne yake tafiya da kansa, ni bin sa kawai zan yi?" Ya dafa ɗaya. Ta danna makunnin, inji ya kama. Ta ce a ɗaure shi.

Kabdesh ya ɗago daga ƙasa da ƙura a gwiwa. "Tsohuwa, ai ban duba wannan ba!"

"Ka duba a gida. Kana da sauran rayuwarka."

Labari ya riga su isowa. Kafin a sauke injin duk mun taru a bakin titi, kowa da abin da ya tanada zai faɗa. Kabdesh ya ce ba mai taɓa shi sai shi. Ya sauke kunnuwan hularsa ya ɗaure a haɓa, ya danna, ya kama hanya. Gaskiya inji ya yi aiki. Yana cin ƙanƙara yana watsa ta can saman shinge, cikin lambun Orazgali, wanda ya zagaya gidansa ya tsaya daidai wurin don ya ji daɗin tsiya.

Da ya kusa matakala sai muka ji ƙara ta canja, ƙwar-ƙwar-ƙwar, wasu fararen duwatsu suka fara fita daga bututun kamar an harba. Ɗaya ya cire wa Orazgali hula. Wani ya bugi bokiti, wasu suka sauka kan rufin kwano kamar ruwan ƙanƙara. Karen Orazgali ya yi tsalle ya cafe ɗaya a sama, bai kuma tofar ba. Orazgali ya sunkuya ya ɗauki guda, ya juya shi, ya shinshina.

"Manti!"

Balkiya apa ta fito da ludayi a hannu tana salati. Kabdesh bai ji ba, kunnuwansa a rufe, idonsa a kan aikinsa, sai da ya cinye kwalin nan ƙurmus sannan ya kashe injin. Muna ta riƙe ciki. Matvei har zama ya yi a cikin ƙanƙara.

"Alhamdu lillahi!" in ji Orazgali, yana tsince su yana zubawa a hula. "Tun da nake maƙwabtaka da kai, baja, yau ne na fara ganin wani abu ya tsallako daga gidanka."

"Ka dawo mini da su, maras kunya, na baƙi ne!" in ji Balkiya apa.

"Yaya, abin da ya faɗo daga sama ai rabo ne. In baƙinku suna so, su zo gidana."

Kabdesh kuwa ya zagaya gaban injin. Ya durƙusa a hankali saboda bayansa, ya leƙa bakin injin, ya zaro guntun kwali, ya shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Muka matso muna jiran hukunci. Ya miƙe, ya dube mu, idonsa yana ƙyalli.

"Kun ji? Ko tari bai yi ba."

Ludayin ya same shi a kafaɗa.

Baƙi sun zo sun shigo da motocinsu har bakin gareji. An ci naman doki a gidan Kabdesh, aka tsallaka gidan Orazgali aka ci abin da ya tsira na manti, wasu da ɗan tsinken ciyawa a jiki. Sauran sai da ƙanƙara ta narke hankaki suka same su a lambu.

Daga ranar Balkiya apa ta karɓe injin, ta ce wanda ba ya ji ba ya gani ba zai ƙara tuƙa mata kaya ba. Yanzu in an zuba za ka gan su da safe. Ita tana bayan inji da ɗankwalinta, ta share tasu, in ta ga dama ta wuce ta share ta Matvei tunda ƙafarsa ta fara ciwo. Kabdesh yana gabanta da doguwar sanda yana caccakar ƙanƙara taki bayan taki, ko akwai abin da aka manta a ƙasa, tana yi masa tsawa ya kauce kafin ta haɗa da shi. Orazgali kuwa da ya ji ƙarar injin sai ya fito bakin shinge da tukunya a hannu.