Kifin Surukina a Jarida

Shekara tara ina auren 'yar mutumin nan, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in ban da amsa gaisuwa. Idan na buga waya Zariya na gaishe shi, sai ya ce lafiya lau, ba ni ita. Idan zai yi zancena da matata kuwa, sunana "shi wannan ɗin". Tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatu a Landan tun yana saurayi, burinsa 'yarsa ta auri likita, ita kuma ta tashi ta kawo masa direban bas. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Da aka ce zai zo a yi masa aikin ido, zai zauna sati uku a gidanmu na haya da ke unguwar Abbey Wood a Landan, na ƙudura a raina cewa a wannan zuwan sai na zama mutum a wurinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a zaurensa ya san labarin kifi. Wai lokacin yana ɗalibi a Bloomsbury, kowace Juma'a sai ya sayi soyayyen kifi da dankali, a barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan tsamin nan binega, a naɗe masa a jarida da zafinsa. Matata ta ce tun tana firamare take jin labarin nan, har ta haddace inda yake tsayawa ya haɗiye yawu.

Kwana biyu da buɗe masa ido, ina tsaye a bakin ƙofar falo, ya dubi 'yarsa ya ce, "Ki tambayi shi wannan ɗin ko ya san inda ake sayar da kifin jarida."

Ko takalmi ban gama ɗaurewa ba na fita. Akwai shagon kifi na wani Baturke kusa da tashar jirgin ƙasa, da man gyaɗa yake suya ba kitsen dabba ba, can muke saye. Da na ce masa a jarida nake so, ya yi dariya har da dafa kanta. Ya ce an daina tun da daɗewa saboda tawada, in hukuma suka gani sai sun rufe masa shago, yanzu a kwali ake zubawa. Da ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya jawo wata takarda daga ƙasan kanta. Takardar naɗe abinci ce, amma an buga mata rubutu da hotuna tamkar tsohuwar jarida. Na riƙa sa masa albarka kamar ya ba ni kujerar Makka.

Na manta wa zan kai wa. Baba ya ɗauko tabarau, ya ture kifin gefe, ya shimfiɗa takardar a cinya ya fara karatu da idon da aka gyara masa jiya-jiya. Can ya ce, "Jaridar nan ba ta da kwanan wata." Ya juya ta. "Ke, tambaye shi, a wace ƙasa ake buga labari ɗaya sau huɗu a shafi ɗaya? Ga mai kwalekwalen nan, ga shi nan kuma, ga shi can." Ya ci dankali biyu ya nemi ruwan wanke hannu. Matata ta shige kicin, ina jin ta tana dariya a cikin tawul.

Ranar Juma'a na kai shi masallaci a Whitechapel. A hanyar dawowa na zari jaridar nan ta kyauta da ake ajiyewa a bakin tasha, na cusa cikin riga. Na raka shi gida, na koma shagon Baturke na karɓo kifi a kwali ban ce masa komai ba. A matakalar benenmu, tsakanin hawa na biyu da na uku, na tsuguna na buɗe jarida. Sai da na bi ta shafi-shafi, kada in naɗe abinci da inda aka ambaci sunan Allah, kada kuma in kai wa surukina hoton wata da ba ta gama sa kaya ba. Shafin ƙwallo kaɗai ya tsira.

Na juye kifi da dankali a kai. Ni dai naɗi ɗaya na sani a duniya, wanda na tashi ina gani wurin mai tsiren bakin layinmu: a tara a tsakiya, a rufo gefe da gefe, a mirgina, a cusa kunnuwan ciki da babban yatsa. Ina cikin yi maƙwabciyarmu 'yar Gana ta sauko da kwandon wanki, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Maigida, mata ya kore ka ne?"

Na ce mata a'a, iska nake sha.

Na shiga na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabansa, na ja da baya zuwa wurina na bakin ƙofa. Ya ɗauka ya jujjuya bai buɗe ba. Da ya buɗe, mai ya riga ya jiƙa takardar, rabin fuskar wani mai tsaron gida ta manne a jikin kifin. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa gumi har cikin safa.

"Kai."

Na waiga bayana. Babu kowa, da ni yake.

"Wa ya naɗe wannan?"

"Mai shago, Baba."

"Baturken ne ya iya cusa kunne irin na 'yan tsiren Tudun Wada? Masu kifin garin nan farar takarda suke fara sawa, jarida daga waje take, kuma ta jiya. Wannan ta yau ce, na gan ta a hannun mutane a jirgin ƙasa."

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

"A ina?"

"A matakala."

"A tsugune?"

"A tsugune, Baba."

Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Ya yi ta har idon aikin ya kawo ruwa, matata tana ta roƙonsa kada ya murza, likita ya hana. Da ya lafa, sai ya shiga gyara bakin takardar da yatsa.

"Bari in gaya maka abin da ban gaya wa 'yan zaure ba," ya ce. "Kifin nan bai taɓa yi mini daɗi ba. Ba yaji, ba komai, sai tsami. Don ɗuminsa nake saye, in sa a cikin kwat har in kai ɗaki. Can zan zauna ni kaɗai in ci, in karanta abin da mai ya bari na jaridar, don babu wanda zan yi wa magana. Wa zai koma gida daga Ingila ya ce abin da ya yi ke nan?"

Tausayinsa ya kama ni. Ya ce in wanko hannu.

Na dubi matata, ta kawar da kai. A wurinmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle su haɗa hannu. Na ce, "Baba, na ƙoshi."

"Ban tambaye ka ba. Na gama cin kifi ni kaɗai a garin nan."

Na wanko hannu na zauna a gefen kafet, ƙafa a lanƙwashe kamar mai ɗaukar karatu. Ya ɓare ɓawon da tawada ta kama, ya turo mini ɓangaren mai tsoka. Kifin ya huce, dankalin ya yi laushi, ga kunya kuma, lomar farko ta tsaya ta ƙi wucewa. Na fara tari, hawaye na zuba.

Baba ya miƙo hannu yana bubbuga mini baya, ya ɗaga murya wajen kicin.

"Ke, kina tsaye? Kawo wa ɗana ruwa mana."